KEKE BISA KADARKON KATAKO LOKACIN DAMINA

(Jawabin da malaman lakwal sunka gabatar a taron ƙungiyar ƴan gari na gabanin damina. An buga shi nan don waɗanda ba su samu zuwa ba, da waɗanda ke can wajen ci-rani.)



Mai gari, liman, iyayenmu dattawa maza da mata, yayyenmu da ƙannenmu da sunka dawo daga ci-rani, muna gaishe ku, muna yi maku barka da zuwa. Shugabannin ƙungiya sun nemi mu yi magana bisa abin da ya shafi kowane gida kafin ruwa shi sauka. Mun zaɓi maganar keke da kadarkon katako da ke bisa koramarmu. Muna roƙon iyayenmu su yi haƙuri da mu, don sun riga mu hawan keke, sun kuma riga mu sanin halin ruwa. Abin da za mu ƙara shi ne ɗan lissafi da ɗan bayanin dalili, irin wanda muke yi ma yara cikin aji.

1. DON MI MUNKA ZAƁI WANNAN MAGANA

Keke ya daɗe cikin garinmu. Iyayenmu da sunka je Kano, Kumasi da Abijan, in kuɗi sun taru, keke na cikin abin farko da sukan sayo, ko Raleigh ko Peugeot. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa. Yau babur ya yawaita, amma keke bai kau ba, don ba shi shan mai. Da shi ake kai hatsi niƙa, da shi ake ɗauko ruwa da taki, da shi ɗiyanmu ke zuwa koleji, da shi ake kai marar lafiya gidan likita in babu amalanke kusa. Duk waɗannan hanyoyi kuwa sai sun ratsa korama.

Ruwan ƙasarmu ba abin raini ba ne. A 1945 ambaliya ta ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, har sai da anka maida gari bisa tudu. A daminar 2024 ruwa ya halaka mutum fiye da 300 cikin Nijar, wasu ya tafi da su, wasu gidaje sunka faɗa masu, kuma jihar Maraɗi ce ta fi kowace yawan mamata. Shekarar ne gomnati ta ɗage buɗe lakwal har zuwa 28 ga Oktoba. Wannan shi ne babban ruwa, wanda kowa ke tsoro. Mu maganarmu yau bisa ƙaramin ruwa take, wanda ba a tsoro: yayyafin da ya jiƙa katako ya wuce, rana ta fito, mutum ya hau kekenshi ya nufi kasuwa.

2. ABIN DA RAIRAYI YA KOYA MAMU

Ƙasarmu ƙasar rairayi ce, kuma wata takwas na shekara ba mu ganin ruwan sama. Cikin rairayi munka koyi keke. Kowa ya san dokar rairayi: in ka rage gudu, taya ta nutse, ka tsaya. Saboda haka muna shiga shi da ƙarfi, muna danna feda, in keke ya karkace mu fizgo kanshi mu daidaita. In ma an faɗi, bisa taushi anka faɗi, a tashi a kakkaɓe riga a yi dariya.

To, wannan hannu da rairayi ya ba mu, shi ne ke kada mu bisa katako jiƙaƙƙe. Gudu, da danna feda da ƙarfi, da fizgar kan keke, su ukun nan da ke fid da mu cikin rairayi, su ne daidai abubuwan da ke sa taya ta zame bisa katako. Ga shi kuma hanya gangarowa take yi zuwa korama, ta sake hawa a wancan gefe. Mai keke shina son shi ɗauki gudu a gangare don shi ji sauƙin hawan tudun gaba. Ke nan wurin da keke ya fi gudu shi ne wurin da ƙasa ta fi santsi.

3. ABIN DA KE SA KATAKO SANTSI

Mu dubi ƙafar keke. Duk tsawon taya, ɗan wurin da ke taɓa ƙasa bai fi faɗin kwalin ashana ba. Bisa kwalin ashana biyu ke nan mutum da kekenshi da kayanshi suke tsaye. In wurin busasshe ne, roba na kama shi. In wani abu ya shiga tsakanin roba da katako, kamun ya ragu ƙwarai.

Abubuwa huɗu ke shiga tsakani. Na farko ruwa da kanshi: katakon da ƙafafu da tayoyi sunka goge shekara da shekaru ya yi sumul kamar allon karatu, ruwa na kwanciya bisanshi. Na biyu laka: ƙurar rani da ta taru, ruwan farko na dama ta ta zama kamar kunu, shi ya sa ruwan farko na shekara ya fi cuta. Bayan wannan kowane mai wucewa na kawo taɓon fadama a ƙafarshi shi shafa ma katako. Na uku gansakuka: in malka ta zauna, katako ya kwana uku huɗu bai bushe ba, wani kore-kore ko baƙi-baƙi na fitowa bisanshi, musamman gefen da ke cikin inuwa. Wannan ya fi sabulu sulɓi, kuma shina nan ko da sama-sama wurin ya yi kamar ya bushe. Na huɗu kashin shanu da awaki, da man da ke ɗiga daga babura.

Akwai kuma yadda anka jera katakon. In an jera shi a gicciye, taya na ratsa shi ɗaya bayan ɗaya, wannan da sauƙi. In an jera shi a tsaye, bisa tsawon kadarko, to tsagar da ke tsakanin katako biyu tarko ce. Faɗin tayar babban keke santimetir 4 ne ko kusa da haka, kamar yatsu biyu. Tsagar da ta kai hakanan na haɗiye tayar gaba, keke shi tsaya cik, mai shi shi wuce ta bisa kai.

A riƙe wannan: in tayar baya ta zame, sau da yawa mutum na iya kai ƙafa ƙasa shi tsira. In tayar gaba ta zame, babu gargaɗi, babu lokacin dabara, sai dai a ji mutum ƙasa.

4. BIRKI CIKIN RUWA

Birkin yawancin kekunanmu roba ce ke matse ƙarfen ƙafar keke. In ƙarfen nan ya jiƙe, sai ƙafa ta juya sau biyu ko uku roba ta share ruwan kafin ta fara kamawa. Mutum ya matsa birki, bai ji komi ba, tsoro ya kama shi, ya ƙara matsawa da duk ƙarfinshi. Daidai lokacin ne ƙarfe ya bushe, birki ya kama gaba ɗaya, ƙafa ta daina juyawa, taya ta zame. In haka ta faru bisa katako, faɗuwa ta tabbata.

Maganinta shi ne a riƙa ɗan taɓa birki a hankali tun daga saman gangare, don ƙarfe shi bushe, gudu shi ragu tun ana bisa ƙasa mai kamu.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu mutanen bakin iyaka: kekunan da anka haɗa bisa tsarin Ingila galibi birkin gaba na hannun dama, na tsarin Faransa kuwa birkin gaba na hannun hagu. Masu gyara ma sukan sauya. Duk wanda ya ari keken wani, shi gwada tun a ƙofar gida shi san wane hannu ke riƙe da wace ƙafa.

5. ƊAN LISSAFI

Mu yi lissafi irin na ƴan aji shida.

Keken da ke gangarowa da gudun kilometir 20 cikin awa ɗaya na cin mitir 5 da rabi cikin daƙiƙa ɗaya tak, wato ƙiftawar ido biyu ko uku. Kafin mutum shi ga akuya ta shigo, shi yi tunani, shi kai hannu ga birki, ya riga ya ci rabin kadarko.

Na biyu: in gudu ya ninka sau biyu, nisan da ake bukata kafin a tsaya ba sau biyu shike ninkawa ba, sau huɗu ne. Wannan doka ce da ba ta sauyawa, ga keke, ga babur, ga kamiyo.

Na uku, shi ne wanda muke so kowa shi tafi gida da shi. A ce tsawon kadarko mitir 10. Mai gudu na ƙetare shi cikin daƙiƙa 2. Wanda ya sauka ya ja kekenshi na ƙetare shi cikin daƙiƙa 10 ko 15. A haɗa da sauka da sake hawa, duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Minti ɗaya ke nan ribar mai gudu. Mi ne ne hasararshi in ya faɗi? Karayar wuyan hannu ko ta ƙashin kafaɗa na ɗaukar kamar sati shida kafin ta ɗore. Karayar cinya wata uku ko fiye. Sati shida cikin damina, iyayenmu sun fi mu sani, noman farko ne da maimai duka. Gonar da ta rasa hauya wannan lokaci ta zama ta ciyawa. Wanda ya yi wata bakwai shina wahala a ci-rani don shi dawo shi noma, in ya karye ranar kasuwar farko, ya yi hasarar rani, ya yi hasarar damina, iyalinshi kuma su shiga sayen hatsi tiya-tiya tun kafin sanyi shi wuce. Babu ɗan kasuwar da ke sa jarin shekara don ribar minti ɗaya.

6. YADDA ZA A ƘETARE

Doka ta farko, wadda ta fi sauran duka: in katako jiƙe shike, a sauka a ja keke. Mun san abin da ke hana samari sauka. Kunya ce, kada a ce wane matsoraci ne, musamman in ƴan mata na wanki bakin korama. Muna roƙon manyan samari da magidanta su fara sauka, don ƙanana idonsu na bisa manya. In sun ga wanda ya yi shekara ashirin bisa keke ya sauka, su ma za su sauka ba tare da an yi masu faɗa ba.

Wajen ja, a riƙe kan keke da hannu biyu, yatsu na bisa birkin baya. A bi tsakiya, a yi gajeren taki. Takalmin soso da ya suɗe na zamewa kamar taya. In babu ƙusoshi a fili, ƙafa tsirara ta fi shi kamu. Mutum ɗaya ɗaya za a riƙa wucewa. In keke ya zame ya nufi ruwa, a sake shi. Keke ana tsamo shi, ana sayen wani.

In kadarko mai faɗi ne, shina da marikin hannu, kuma ɗan damshi ne kawai, wanda ya ga lalle sai ya wuce bisa keke shi kiyaye waɗannan:

a) A rage gudu tun kafin a kai ga katako, har shi zama kamar tafiyar ƙafa.
b) A shiga a miƙe. In hanya ta yi kwana kafin kadarko, a gama kwanar bisa ƙasa.
c) Bisa katako ba a kama birki, ba a karkata, ba a miƙewa tsaye bisa feda.
d) A zauna bisa sirdi, a juya feda sannu daidai wa daida, ko a bar keke shi tafi da kanshi.
e) A dubi ƙarshen kadarko. Keke na bin inda ido ya nufa. Mai kallon ruwa, ruwa shike nufa.
f) Hannu biyu bisa kan keke. Babu laima, babu wayar salula. A tattare babbar riga da zane kada su shiga cikin ƙafar keke.

Da dare kuwa babu zaɓi, sauka ce. Fitilar keke mai dinamo haskenta na raguwa in an rage gudu, kuma dinamon na zamewa bisa taya jiƙaƙƙa. A riƙe cocila, a haska katako a gani ko duka suna nan.

7. KAYA DA GOYO

Bido mai litir 25 in ya cika ruwa nauyinshi kilo 25 ne. Huɗu sun zama kilo 100, daidai da buhun hatsi mai tiya arba'in. Irin wannan kaya in an ɗaura shi baya, ƙafar gaba na yin sakayau, kamunta ya ragu, ita da muke so ta fi kamawa. In kuma bido bai cika ba, ruwan na kai da kawowa ciki, shina jan keke gefe da gefe. Haka buhun da anka ɗora bisa sama sosai: da ya fara karkata babu hannun da ke maido shi.

Saboda haka mai kaya masu nauyi shi sauke rabi, shi ƙetare sau biyu, ko shi jira wani shi riƙe mashi baya. Wanda anka goyo, babba ne ko yaro, shi sauka shi taka da ƙafarshi. Mace mai goyon jariri kada ta yarda a ƙetare da ita bisa keke ko kabu-kabu in katako jiƙe shike, ko da mai tuƙin ya ce ya saba.

Yaran da ke tuƙa keken ubansu, ƙafa ɗaya ta cikin ƙarfe don ba su kai ga sirdi ba, keken dama a karkace shike tafiya. Waɗannan kada su hau kadarko bisa keke ko da rani ne. Mu muna faɗa masu a lakwal, muna roƙo a maimaita masu a gida, don ruwan farko na Yuni na iske su bisa hanya lokacin jarrabawa.

8. IN RUWA YA HAU BISA

Wannan wata magana ce dabam, ita ce ta rai da mutuwa. In ruwa ya shafe kadarko, ba a san ko katako na nan ba, ba a san ko ruwa ya cinye ƙasar da ke riƙe da gindinshi ba. Ba a hawa, ko da keke ko da ƙafa.

Haka radiye, wato shimfiɗar siminti da ake yi bisa manyan hanyoyi don ruwa shi bi ta kanta. In ruwa ya kwana bisanta, gansakuka na kama simintin kamar yadda take kama katako, kuma ba a ganin inda gefe ya ƙare. Ruwa mai gudu da zurfinshi bai wuce santimetir 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, na iya kada babban mutum. Mai santimetir 60 na ɗaukar mota. Dalili shi ne nauyi: ruwan da ya cika akwati mai mitir ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, nauyinshi kilo 1000 ne, buhu goma na hatsi. Keke kuwa da kayanshi kamar ƙyaure suke tare ma ruwa hanya, shi kuma shi tura su da mai su.

Kada kuma a dogara da cewa nan ba a yi ruwa ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina shike fitowa, shi biyo ta Jibiya inda akwai madatsa, shi shigo ta wajen Madarunfa, shi wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan shi koma Najeriya. Majiya ma daga duwatsun Adar take tattaro ruwanta kafin ta kai Ƙonni. Ƙananan koramu haka suke: hadarin da munka hango nesa da yamma, ruwanshi na iya iso mu da dare sama na tangaran. In an ji ƙugi daga sama, ko an ga ruwa ya sake launi, shina ɗauke da karare da kumfa, to ƙaruwa shike yi.

Abin da ya kamata mu tuna shi ne ruwan korama ba shi daɗewa. Sau da yawa cikin ƴan awoyi ya janye. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

9. GA ƳAN CI-RANI

Ƴan'uwanmu da ke zuwa Abijan, Kumasi, Ankara, Kwatanu da Legas, wannan magana ta fi shafar ku. Ruwan da ke sauka Maraɗi cikin shekara wajen milimetir 500 ne. Na Abijan ya ninka shi sau uku ko fiye, kuma ƙasashen bakin teku damina biyu gare su cikin shekara. Can katako ba shi samun bushewa kamar nan, gansakuka ba ta mutuwa, ruɓewa kuma na saurin kama shi. Cikin unguwannin da muke sauka, katako guda ko biyu ake gicciyawa bisa manyan lambatu, wasu wuraren kuma dogon kadarkon katako ne bisa fadama ko bakin ruwa. Lambatun birni ginin siminti ne mai zurfi. In an yi ruwa gudunshi ya fi na korama, kuma shina shigewa ƙarƙashin hanya inda babu mai iya ceto.

Ku da kuke talla bisa keke, jarinku duka na ɗaure bayanku. Faɗuwa ɗaya na iya kai kaya cikin lambatu, ta kai ku asibiti a ƙasar da babu dangi, babu gonar da za a jingina. Sabon zuwa shi tambayi waɗanda sunka riga shi wace hanya ake bi in an yi ruwa. Waɗanda sunka daɗe kuma su ɗauke shi nauyinsu su nuna ma ƙannensu tun satin farko.

10. IN HATSARI YA AUKU

Wanda ya bugu a kai, in ya suma ko da kaɗan ne, ko shina amai, ko barci na fizgar shi, ko maganarshi ta rikice, a kai shi gidan likita nan take, ko da babu jini a waje. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi a zaunar. A kwantar da shi bisa ƙyaure ko katako, a riƙe kanshi daidai da jikinshi.

Wanda ƙusa ta soka ko katako ya yanka, a wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a zuba ƙasa ko toka, a je a yi allurar tetanos. Cuta ce da ke shiga ta ciwo mai datti, ta ɗaure muƙamuƙi, ta sandare jiki, kuma tana kisa.

Wanda ya faɗa ruwa, kada wanda bai iya iyo ba shi bi shi, kada gawa ta zama biyu. A miƙa mashi dogon icce, ko a jefa igiya, ko bido marar komi da anka rufe bakinshi, don irin wannan bido ba shi nutsewa. In an fid da shi shina numfashi, a kwantar da shi bisa gefenshi, a rufe shi da zane busasshe, a kai shi likita. Ba a danna mashi ciki don a fid da ruwa. In ba shi numfashi, a hura mashi iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji, wani kuma shi ruga neman taimako.

11. ABIN DA MUKE NEMA GA ƘUNGIYA

Hankalin mai keke rabi ne, lafiyar kadarko ita ce ɗaya rabin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da muke kawowa gaban taro:

Na farko, a sa ranar gayya kafin shuka. A shiga ƙarƙashi a duba azara ɗaya ɗaya, a soka masu wuƙa. Inda wuƙa ta nutse, gara ko ruɓa ta ci, a sauya. Giginya ta fi jure ma gara, amma kowane icce za a sara a nemi izinin ma'aikatan gandun daji tukuna.

Na biyu, a jera katako a gicciye, a bar tsaga kamar faɗin ƙaramin yatsa don ruwa shi zurare. A buga duk ƙusar da ta ɗago kai.

Na uku, a yi ma katako abin kamu: ƙananan sanduna da anka buga a gicciye, ko wayar raga da anka ɗaure tamau. In raga ce, a riƙa duba ta, don in ta tsinke tana huda taya da ƙafa.

Na huɗu, baƙin mai da ake shafa ma icce don gara, kada a shafa shi inda ake takawa. Santsi shike ƙarawa, kuma shina ɓata ruwan da dabbobinmu ke sha.

Na biyar, a kafa marikin hannu gefe biyu, mai tsawon mitir ɗaya, a kuma cike bakin kadarko da duwatsu da tsakuwa inda ruwa ya zaizaye, don kada taya ta yi karo da tudun katako.

Na shida, a kafa turke bakin korama, a shafa mashi jan fenti daidai inda dattawa sunka san ruwa ya zama na haɗari. In ruwa ya taɓa ja, hanya ta rufe ga kowa, babba da yaro.

Na bakwai, a ajiye igiya, dogon icce da bido a gidan da ya fi kusa. Samari kuma su yi kamɓa-kamɓa wajen share laka da gansakuka bayan kowane ruwa; tsintsiyar kaba da guga biyu na rairayi sun isa.

Na takwas, ƴan ci-rani da ke zuba kuɗi cikin asusun ƙungiya su yarda a ware wani kaso kowace shekara don ƙusa da katako, a kuma rubuta takarda zuwa meri a nemi kadarkon siminti. Kafin a samu wancan, wannan da ke hannu shi ne namu, kuma babu wanda za shi zo daga wani gari shi gyara mamu shi.

Kowane mai keke kuma, kafin ruwan farko, shi kai shi wurin mai gyara: a sauya robar birki in ta cinye, a sauya tayar gaba in ta suɗe, a ɗaure kan keke da feda. Kuɗin wannan duka bai kai na ɗori ɗaya ba.

Iyayenmu, mun san akan ce tsautsayi ba shi wuce ranarshi. Amma ku ne kunka koya mamu cewa ba a barin rijiya buɗe cikin gida mai yara, ba a kwana da wuta kusa da rumbu. Kadarko jiƙaƙƙe ma cikin wannan sahu shike. Muna roƙon mai gari da shugabannin ƙungiya kada a watse yau sai an tsaida ranar gayya, an kuma faɗi sunayen waɗanda za su riƙe aikin.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi kai kowa gonarshi lafiya, shi maido shi gida lafiya.